Kalmar da Na Jefi Baba da Ita

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Ya ciwon ƙafar? Mama tana gaishe ka.

Na san guntun muryata da ake ta yaɗawa ya iso wayarka, shi ya sa na kasa kiranka. Gara in rubuto, ba na son jin shirun da za ka yi.

A shirina na rediyo, inda nake bin asalin kalmomi, na ɗauko kalmomin Turanci da suka shafi talakawa. Na ce dimokuraɗiyya daga Girkanci ta fito, demos jama'a ke nan, kratos kuma iko. Sai na zo kan idiot. Na bayyana cewa a wurin Girkawan da, idiotes ba wawa ba ne, mutum ne da ya tsaya kan harkar gabansa, ba ruwansa da sha'anin jama'a. Ka san ni da son a ce na iya. Baki ya yi min daɗi, na ce a wannan ma'anar ai mahaifina ma idiot ne, tunda bai taɓa leƙa taron unguwa ba. Har da dariyata, Yaya.

Wani ɗan albarka ya yanke bayanin, ya bar jimlar nan tsirara. Yanzu duk layin shagunan su Baba sun ji 'yar mai gyaran keken ɗinki ta zagi ubanta a rediyo. Jiya na shiga shagon na gaishe shi, ya amsa a hankali, bai ɗago daga keken da yake zuba wa mai ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Gobe zan kai masa cikakken shirin. Idan ya ji ainihin ma'anar, na tabbata zai huce. Ka sa ni a addu'a.

Ƙanwarka,
Aku

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ga saƙonka, na gode da ba ka yi min faɗa ba.

Ban kai masa shirin ba. Mama ta tare ni a kicin, ta ce in mayar da wayata jaka, Baba ba guntun ya ji ba. Ashe duk ranar shirina sai ya ƙara muryar rediyo, ya kira mai walda da mai aski su zo su ji 'yarsa. Ran nan ma suna zaune. Ya ji Girkawan, ya ji bayanin tun daga farko, ya kuma gane sarai. Da ya dawo gida ya ce wa Mama wawa ba ta dame shi ba, wannan zagi ne na kan titi. Ma'anar tawa ce ta tsaya masa a rai.

Sai Mama ta tambaye ni ko na tuna ranar da ake taron unguwa. Na ce Asabar da yamma. Ta juya ta ci gaba da wanke tukunyarta.

Yaya, Asabar da yamma ne yake rufe shago, ya goya ni a bayan kekensa na hawa, ya zauna a kan dakalin malamin nan har in fito. Shekara da shekaru. Darasin Turanci yake kai ni.

Gobe Asabar. Zan je shagon da yamma in zauna a kan benci har ya tashi, ko bai dube ni ba.

Ka gaida yara.

Ƙanwarka,
Aku