Kaset Ɗin Da Ba Zan Miƙa Ba

Zuwa ga farin watan da ya koma fitilar talla, kanarin da aka dasa wa inji a maƙogwaro, sanyin idona kuma ciwon kunnena,

Saƙonki ya iso shagona ta bakin manajanki, mutumin nan mai sa baƙin tabarau a cikin inuwa. Wai in miƙa kaset ɗin da na naɗi muryarki a ciki shekara tara da suka wuce, a ƙone shi kafin duniya ta ji. Ƙonewa! Haba tauraruwata, ashe har kin kai matsayin jin kunyar maƙogwaronki?

Kin tuna ranar? Na zo gyara rediyon mahaifiyarki, kina tsugune gaban tukwane kina rera waƙar kakarki. Kika ja baiti guda da numfashi ɗaya, murya ta taso daga ƙirji, ta hau, ta yi ta hawa, sannan ta karye a ƙarshe kamar reshen da 'ya'ya suka yi wa nauyi. Na danna maɓallin naɗi, na manta ƙarfen dalma yana kan yatsana. Tabon yana nan. A cikinmu uku, ni da ke da shi, shi kaɗai ne bai lalace ba.

Makon jiya aka sako sabuwar waƙarki. Wallahi sau biyu na kwance rediyon wani bawan Allah ina neman inda ya ƙone, kafin tela maƙwabcina ya leƙo ya shaida mini lafiyar rediyo ƙalau, ke ce. Wace halitta ce wannan mai kuka ta hanci kamar sauro a cikin gwangwani? Ina karyewar nan da ta hana ni auren kowa? Furodusanki ya bi ta da na'ura ya goge, kamar mai guga ya samu rigar biki. Allah ya saka mini!

Saboda haka, ga hukuncin da na yanke bayan dogon nazari. Ki zo da ƙafarki, ba manaja, ba na'ura, ki tsaya tsakanin matattun rediyoyina ki ja baitin nan da numfashi ɗaya. Idan kin kai ƙarshensa, kaset naki ne, har ashana zan ƙara miki, domin daga ranar ba ni da bukatarsa. Idan numfashi ya yanke a hanya, ki juya ki tafi salin-alin. Ba a ƙwace wa mai makoki hoton marigayiya.

Mai riƙe amanar muryar da kika binne, har batirinsa na ƙarshe ya mutu,

Mai Gyaran Rediyo