Gwangwanin Tambayoyin Yara

Yaya,

Aikin farko yau: goge allo. Na goge, na zauna rubuto miki.

Ina gaisuwa. Ya jikin Inna, ƙafar ta saki? Ya yara? Ni lafiya lau, kada ki damu, abinci ne dai ba ya shiga sosai.

Akwai gwangwanin madara da na ajiye a ajina, yara suna jefa duk tambayar da ta dame su, mu tattauna ranar Alhamis. Jiya, kafin masu duba makarantu su iso, Shugabar makarantarmu ta juye shi a kwandon shara, ta zuba tambayoyin da ta buga da kanta, ta ba kowane yaro amsar da zai haddace. Ta ce, "Malam, baƙi ba shirme suka zo ji ba." Cikin shirmen har da na wata yarinya da ke son sanin abin da ke gajarta inuwa da tsakar rana.

Yara suka rero amsa kamar aku, baƙi suka tafa. Ni ma na tafa, Yaya, yarinyar tana kallona. Takardar zamana a ƙasar nan a hannun Shugaba take, amma wannan hujja ce? Ban sani ba.

Ki ce wa Inna ta sa ni a addu'a. Allah ya bar zumunci.

Ƙaninki.

Na gobe:
Shanya takardun da na tsinto a shara.
Neman sanda da igiya, mu auna inuwa.
Haɗa ido da yarinyar nan.