Ƙodar Ragon Baba

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya Fatakwal, ya iyali, ya jiki? Mu nan Ƙofar Marusa lafiya lau.

Kwantar da hankalinka: an dasa wa ƙanenmu Auwalu ƙodata, har tuwo yake ci. Likitan nan Bakatsine, da ya dawo gida bayan sojoji sun sauka, shi ya yi aikin kyauta.

Ka san Baba da sana'arsa ta fawa. Jiya ya gasa ƙodar rago ya kai wa likitan, wai godiya! Kunya kamar in nutse. Likita ya yi dariya ya ce, "Alhaji, gidanku kowa ƙoda yake bayarwa?"

Baba ya dube ni, sai hawaye.

Ku sa mu a addu'a. Gaida Hajiya da yara.

Ƙanwarka,
Binta