Na Je Tafadak Neman Ka

Assalamu alaikum, Yaya Lawali.

Bayan gaisuwa mai yawa irin ta ƙane ga wansa, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya a duk ƙasar da kake. Ni ne Sani. Ina nan Urafan inda ka bar ni. Ban san inda zan aika maka ba, shi ya sa na rubuta a fili, ko Allah zai sa wani da ya san ka ya karanta maka.

Akwai maganar da na daɗe ina so ka ji. Na je Tafadak neman ka, har na shiga ruwan da ka shiga.

Ka tuna shekarar da ka fita, lokacin fari na biyu, zamanin soja. Kai ka kora shanun gidanmu kudu neman ciyawa, ka dawo da igiyoyinsu a kafaɗa, ƙafafunka sun kumbura, gwiwoyinka sun ƙi lanƙwasuwa. Ba wanda ya ce maka uffan, don kowa a garin shanunsa sun mutu. Amma ka daina sa hannu a ƙwarya ɗaya da mu. Ranar da aka zo rabon jar dawar taimako ka ƙi shiga layi. Wata ranar kasuwa ka ce za ka likita a Tasawa a duba ƙafar, ka hau mota, matarka Rabi tana tsaye a ƙofar gida da Zuwaira a goye. Daga nan ba mu sake ganin ka ba.

Sai da damina ta dawo muka ɗan samu gero, sannan wani direban kamiyo, babbar motar kaya, ɗan Mayahi ya ce ya gan ka a Tafadak, cikin duwatsun Abzin, bayan Agadas, wurin da ruwan zafi ke fitowa daga ƙasa, masu ciwon ƙashi suna zuwa wanka. Ka san Inna ba ta faɗin sunanka, kai ne ɗan farinta. Ta kira ni ta ce, "Je ka dubo min yayanka."

Na bi ta Damagaram, na wuce Tanut. A kowane shinge jandarma su sauke mu su duba takardu. Wani daga cikinsu ya tambaye ni ina za ni, na ce neman wana. Ya miƙo mini takardata ya ce, "Rabin motar nan abin da ya fito da su ke nan." Gefen hanya duk ƙasusuwan dabbobi ne sun yi fari, da bukkokin da masu su suka tashi suka bari.

Daga Agadas na samu motar masu lambu, ta sauke ni a bakin wata busasshiyar ƙorama, na ƙarasa da ƙafa. Yaya, ban taɓa ganin ƙasa irin wannan ba. Duwatsu baƙaƙe dama da hagu, ba gona, ba rumbu, ba carar zakara. Iska mai sanyi tana saukowa daga sama, in ka yi tari sai ka ji shi ya dawo maka.

A raina na ɗauka wani babban tafki zan tarar. Ashe ɗan ɗaki ne na dutse da laka, a cikinsa wani rami da bai fi faɗin tabarma ba, ruwa yana tururi, yana warin farar wuta. Gefe da goriba kaɗan da rumfunan tabarma inda marasa lafiya ke kwance. Na tsaya ina kallon ruwan yana ɓulɓulowa ba ya yankewa, na tuna rijiyarmu da ta ƙafe har muna kankare gindinta da ƙoƙo.

Wani dattijo Ba'abzine ne ke kula da wurin, Hausarsa kaɗan-kaɗan. Na kwatanta masa kai, dogo, mai tabon ƙaho a gira. Tun ban gama ba ya gyaɗa kai. Ya ce a kan jaki aka kawo ka, ba ka iya tsayuwa. Safe da maraice kana shiga ruwan, kafin sanyi ya fita ka miƙe. Da ka warke ba ka tafi nan da nan ba. Kai ke yo wa marasa lafiya itace, kai ke goya waɗanda ba sa iya takawa ka sa su cikin ruwan. Da na ji haka na san kai ne. Ya ce gab da shigowar zafi ka bi wasu matafiya da suka nufi Aljeriya.

Na tambaye shi ko kana yi musu zancen gida. Yana juya garwashin shayinsa ya amsa. "Ya ce nasa duk sun ƙare a yunwa."

Na tuɓe rigata na shiga ɗakin. Da farko zafin ya kusa fitar da ni, daga baya jiki ya saba, na zauna ruwan ya kawo mini ƙirji. Akwai wani dutse mai santsi a gefe inda kowa ke jingina, na jingina da shi na san bayanka ya taɓa shi. Ni kaɗai ne a ciki. Na yi ta lissafa mu ɗaya bayan ɗaya, Inna, Rabi, Zuwaira, ni, ina tambayar kaina da wane baki ka iya faɗin haka. Na yi fushi da kai a cikin ruwan nan, Yaya, na kuma yi kuka, har fatar yatsuna ta yamutse ban fito ba.

Na ƙara ƴan kwanaki a wurin. Ba mai jin Hausa sosai, sai in hau wani tudu in zauna ina kallon hanyar arewa. Duk raƙumin da ya ɓullo sai na miƙe. Da guzurina ya ƙare, dattijon ya ƙulla mini dabino a bakin rawani, ya raka ni har ƙoramar.

Da na iso gida na tarar da Inna tana tankaɗe. Na faɗa mata duk abin da na ji, ban rage komai ba. Ta ajiye rariyar ta ce, "Da ƙafarsa yake tafiya?" Na ce da ƙafarsa. Ta ce, "To, alhamdulillahi. Sauran maganar kunya ce ta sa shi." Ba ta ƙara tayar da zancen ba har ta koma ga Allah, amma kullum ta kwashe tuwo sai ta bar malmala guda a rufe.

Rabi ta jira ka shekaru, har malamai suka ce ta yi haƙuri ta yi aure. Tana Kona. Kada ka ga laifinta. Zuwaira a hannuna ta tashi, ni take ce wa Baba, yanzu ita ma da ƴaƴanta manya. Tafiyarka gare ta, in ta taho daga nesa sai in kau da kai. Gonarka ta gabas ni ke nome ta, amma ban haɗe ta da tawa ba, gambar iyakar tana nan.

Yanzu ni ma furfura ta cika mini kai, abokan hirarmu duk sun ragu. Da la'asar ina zama a ƙofar gida, ba wanda ya rage da zan ce wa "ka tuna" ya ce ya tuna.

Ba zan ce lalle sai ka dawo ba, na san tsufa da nisa. Roƙona guda ne. In Allah ya ba ka iyali a can, ka zaunar da su ka gaya musu gaskiya. Ka ce musu ba mu ƙare ba. Ka faɗa musu sunan garin, Urafan, ƙasar Tasawa, su tambayi gidan Sani, ko ƙaramin yaro zai nuna musu.

In kana raye, Allah ya ba ka masu goya ka yadda ka goya bayinsa. In ka riga mu, Allah ya sa Musulmi ne suka yi maka sutura, ya haskaka makwancinka, ya haɗa ka da Inna. Amin.

Naka ƙane,
Sani