Suna Son Mayar da Waƙar Ɗana ta Rawar Biki

Assalamu alaikum Hajiya Khairiyya. Don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle. Karatuna bai yi nisa ba, ki yi haƙuri da rubutun.

Ɗana na fari ya rasu bayan ƙaramar salla. Tela ne a Tudun Wada, amma yana waƙa. Ba irin ta manyan mawaƙa ba, shi da abokinsa Aminullahi suke ɗauka a wani ɗan shago, da gurmi kawai, su ba masu tura waƙa a waya. Akwai wadda ya ɗauka a tsakar gidanmu, har ana jin dakan da nake yi a ciki. Wannan ni ya yi wa. Da yake ɗan fari ne, ko sunansa ba na faɗa, in ya kunna sai in tashi in shiga madafa. Yanzu ita nake ji kullum, ina kuka.

Makon jiya Aminullahi ya kawo wani mutum mai ƙamshin turare, wai daga babban kamfanin waƙa. Mutumin ya ce mawaƙinsu zai sake rera ta, a cire Sakkwatancin, a sa kiɗa mai sauri, inda ɗana ya ce Inna a sa masoyiya. Hajiya, ba a taɓa ba masu turi wannan waƙar ba. Daga wayata sai kwamfutar Aminullahi. To yaya baƙon ya san amshinta, har yana rerawa a zaurenmu? Kuma da ɗana yana raye ya je wajen irinsu, suka ce muryarsa ta ƙauye ce. Yanzu da ya mutu ta yi daɗi?

Ina tsoron a riƙa tiƙar rawa da ita yana kwance a kabari. Amma burinsa ne duniya ta ji shi, ga matarsa, ga ƙaramar 'yarsa Hasana. Ko ni ce nake tare masa hanya?

Uwa mai kewa, Sakkwato.

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya jiƙansa, ya ba ki dangana.

Zarginki yana da tushe, amma kada ki yanke wa Aminullahi hukunci tukuna. Mai yiwuwa son a ji abokinsa ne ya sa ya yi gaggawa. Ki kira shi gaban wani babba a gidan, ki tambaye shi kai tsaye ko ya riga ya tura waƙar.

Ki gane bambancin. Mawaƙi mai zaman kansa, irin ɗanki, shi ke da abinsa. Masu jinsa kaɗan ne, amma abin da ya ga dama yake faɗa. Kamfani kuwa yana kai waƙa nesa, ba lallai da mugun nufi ba, sai dai yana gyara ta yadda kasuwa take so, kuma in ta fita ba mai iya janye ta. Waƙar da aka cire mata Inna ba ita ce ya yi burin duniya ta ji ba.

Ki sa a ajiye kwafinta wuri biyu. Kada ki sa hannu ko dangwale a takarda sai wanda ya san doka ya karanta miki. Ki zauna da matarsa, don ita da Hasana suna da haƙƙi. Maganar kabari kuma ki kai ta wajen malamin da kika yarda da shi.

Sauran waƙoƙin, in kun amince, a fitar da muryarsa da sunansa. In kamfanin ya ƙi haka, kin ga abin da ya kawo su. Ta tsakar gida kuwa ki riƙe. Wata rana Hasana za ta tambayi yadda muryar babanta take, ki kunna mata, ta ji shi, ta ji dakanki.

Allah ya sanyaya zuciyarki, ya raya Hasana.