Irin Barkonon Kaka

Zuwa ga Innata,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya jiki, yaya idon? Allah ya sa aikin da likita ya yi ya zama sanadin waraka. Ina gaida Yaya da matarsa da yara. Yaya, na san kai ke karanta mata, don Allah ban da tsallake.

Inna, na so in bari sai kin warke, amma abin ya hana ni sakat. Yayyafin barkonon da kika bar mini amana ya ƙone, kuma ni na ƙona shi. Kin san hannuna da keken ɗinki ya saba, ba da ƙasa ba. Na ga tsiron bai yi ƙwari ba, na ce bari in yi abin kirki kafin ki dawo. Na share akurki tas, na kwaso kashin kajin ɗanye na zuba a fangalin, har ina yaba wa kaina. Kwana kaɗan ganyen ya yi rawaya, ya yanƙwane kamar an watsa masa tafasasshen ruwa. Na buɗe kwalbar iri, sai na ga ba ki rage ko ƙwaya ba. Irin da kika karɓa daga hannun Kaka, wanda babu shi a kasuwa, a ce a hannuna zai ƙare.

Maƙwabcinmu mai lambu ya same ni tsugune ina kuka. Sai da ya sha dariyarsa, sannan ya fahimtar da ni cewa ɗanyen kashin kaji wuta ne. Sai an haɗa shi da busasshen ganye da ƙaiƙayi, ana yayyafa ruwa ana juyawa, ya yi zafi ya huce, ya ruɓe har warin ya tafi. Ya tambaye ni ina naki tarin takin yake. Nan kunya ta rufe ni, don tarin nan na bayan akurki da kike lulluɓewa da tsohuwar tabarma, ni bola na ɗauke shi. Har na kira mai kwasar shara ya zo da baro, bai zo ba. Karon farko ke nan da saɓa alkawarinsa ya yi mini rana.

Muka ɗaga tabarmar, sai ga taki baƙi wuluk, mai laushi. A gefen tarin kuma, inda zafi bai kai ba, ga tsiron barkono nan birjik. Mai lambu ya ce ruɓaɓɓen barkonon da ake jefawa a wurin ne ya fito. Na dasa su a sabon fangali da takin nan naki. Sai dai ban sani ba ko naki ne, ko na kasuwa da nake zubar da ragowarsa.

Ki yafe mini, ki sa mu a addu'a.

'Yarki,
Auta

Zuwa ga Innata,

Bayan gaisuwa, na ji an yi aikin ido na biyu lafiya, alhamdu lillahi. Yaya ƙarfin jiki? A shafa mini kan yara.

Saƙonki ya iso, har da faɗan, kuma na karɓa hannu bibbiyu. Kin ce ganye ba zai nuna mini komai ba, in jira barkonon ya yi ja in ɗanɗana, na Kaka ƙamshi yake fara yi kafin yaji ya biyo baya. Jiran nan ya wahalar da ni. Kullum kafin in hau keke sai na leƙa fangalin, har masu kawo ɗinki sun fara tambaya ko na canza sana'a. Na kuma fara nawa tarin, ina juya shi yana tururi, bayana yana ƙorafi.

Yau da safe na tsinki na farko da ya yi ja. Na tsaya a wurin na gatsa. Ƙamshin ya fara zuwa, na ɗan jira, sai yajin ya kama ni har cikin kunne. Inna, shi ne. Na zauna a ƙasa hawaye na zuba, ban ma nemi ruwa ba.

Idan ya bushe zan raba irin uku: naki, nawa, da na gidan Yaya, ko a tukunya ne su shuka. Bai kamata abin Kaka ya sake dogara da hannun mutum ɗaya ba, balle irin nawa.

Allah ya ƙara sauƙi, ya dawo mana da ke lafiya.

'Yarki,
Auta