Na Gyara Musu Na'ura, Sun Rufe Mini Ƙofa

Anti, don Allah ki taimaka mini da shawara, kaina ya kulle kuma ba ni da wanda zan faɗa wa.

Wata biyar ke nan da na baro matata da 'yarmu na zo wata ƙasa karatun digiri na biyu a injiniyancin lantarki. Kafin nan shekara tara na yi ina gyaran wuta a masana'anta. Da Turanci ake koyarwa, kuma a takarda ba ni da matsala, amma da zarar an fara hira da sauri ana dariya sai in zama kurma. Ɗakina gado ne da tebur da taga mai kallon bangon wani gini. Maƙwabcina ɗaga mini gira kawai yake yi a matakala. Akwai ranar da na lura tun safe ban buɗe baki ba sai da na yi salati da ruwan zafi ya zubo mini. Wuri ɗaya nake jin ni mutum ne, ɗakin gwaji na makaranta, inda aka haɗa ni aiki da ɗalibai biyu.

To, na'urar da ke ba teburinmu wuta ta fara ɗaukewa. Mai kula da ɗakin ya manna mata takarda, ya ce a jira masu gyara, mako uku. Anti, mako uku a kan abin da tun daga warinsa na san waya ce ta ƙone! Da abokan aikina suka fita cin abinci na kashe ta, na kwance murfin, na sauya wayar, na liƙe da dalma. Minti ashirin. Ba zan ɓoye miki ba, so nake su dawo su ga cewa wannan shiru-shirun ma ya iya wani abu.

Ashe akwai hatimi a jikin murfin, na yage shi ban kula ba. Kwana goma muna aiki da ita kafin mai kula ya gani. Aka soke duk awon da muka yi, wai ba a tabbatar da daidaiton na'urar ba. Aka toshe katina na shiga. Da aka kira ni ofis, Turancin ya gudu ya bar ni, sai murmushi nake ta yi don kunya, su kuma suka ɗauka raini ne. Abokan aikina sun daina amsa saƙona.

Mako mai zuwa kwamitin makaranta zai zauna a kan maganar. Farfesan da ke duba aikina ya ce in rubuta takardar amsa laifi, in ba haka ba zan iya rasa ɗakin gwajin, kuma babu shi babu digiri. Ni kuwa hannuna ya ƙi rubutawa. Gyara na yi, na'urar har yau tana aiki. Matata kullum lafiya lau nake ce mata, mahaifiyata kuma tana ta gaya wa dangi ɗanta ya kusa gamawa. Kaɗaici ya ishe ni, har na fara duba jirgin komawa gida. In rubuta, ko in tattara in tafi da mutuncina?

Naki, Mai Gyaran da Ya Zama Laifi

Ƙanena, sannu. Na ji zafin da kake ji, kuma ban ga mugunta a abin da ka yi ba. Wanda ya saba in inji ya tsaya shi ake kira a guje, da wuya ya zauna yana kallon takarda mako uku.

Amma ka tsaya ka duba ta ɓangarensu. A masana'anta, in inji ya tashi magana ta ƙare. A ɗakin gwaji ba tashin na'ura ake nema ba, so ake a iya rantsuwa a kan lambar da ta bayar, kuma hatimin nan da ka yage shi ne shaidarsu. Abokanka biyu sun yi asarar wahalar kwana goma ba su ci ba ba su sha ba. In da kai aka yi wa haka, da ka fi su fushi.

Don haka ka rubuta, durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Ba a ce ka rubuta cewa ba ka iya aiki ba. Ka faɗi abin da ka taɓa da yadda ka taɓa shi, ka amsa cewa ka buɗe ba da izini ba, ka ce kana shirye ka sake awon. Tunda baki yana ba ka kunya a gabansu, ka tafi da takardar a hannu ka karanta, ka kuma bayyana musu cewa murmushin nan na jin nauyi ne. Kafin zaman, ka sami mai kula da ɗakin da ƙafarka ka ba shi haƙuri. Shi ma mai aikin hannu ne, zai fi kowa gane ka. Abokanka kuma ka ba su haƙuri sau ɗaya, ba tare da "amma" ba.

Ba zan yi maka alkawarin abin da kwamiti zai yanke ba. Sai dai in ka gudu, kai ka yanke wa kanka hukuncin da su ba su kai ga yankewa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne lafiya lau ɗin da kake ce wa matarka. Kana kukan ba ka da kowa, alhali mai son jin damuwarka tana kiranka kullum kana sallamarta. Ka kira ta yau, kafin ka ɗauki biro, ka gaya mata komai. Ita ma wata biyar ke nan tana ce maka lafiya lau, ka tambaye ta ka ji.

Allah ya buɗe maka ƙofar, ya maido ka gida da abin da ka je nema.